Gandar Iya Sidika

Tun da hantsi Baba Ajagbe ya yi wanka, ya tono babbar rigarsa daga ƙasan akwati, wadda rabonsa da ita tun bikin 'yarsa ta fari. Ya karya hula, ya tsaya gaban madubi yana yi wa kansa murmushi. Yau ce ranar da ya yanke shawarar zai gaya wa Iya Sidika mai bukar sayar da abinci cewa aurenta yake so ya yi.

Shi kansa murmushin sabo ne. Bara haƙoransa suka fara guduwa ɗaya bayan ɗaya, 'yarsa ta ɗauke shi zuwa Ibadan, likita ya cire ragowar ya jera masa na roba sama da ƙasa, farare tas. Da ya dawo garinmu Okeho sai ya ce wa mutane wanke masa su aka yi da inji. Mutanenmu kuwa, in dai ka ce a Ibadan aka yi, ko kai ka ce an canja maka za su yarda. Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, Oyelami tela, abokinsa tun suna yawo ba wando, wanda ya faɗo masa ɗaki ba sallama wata safiya ya tarar da haƙoran cikin kofi suna yi masa dariya.

Bukar Iya Sidika tana bayan tasha. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano, da 'yan bencina da suka yi santsi don zama, da fanka mai juyawa in ta ga dama, da labulen da ba wanda ya tuna launinsa na asali. Amma kowa da gurbinsa a ciki, kuma in ka yi kwana biyu ba ka zo ba sai an aika gidanka a ji ko lafiya. Tun da matarsa ta rasu Baba Ajagbe yake cin abincin rana a nan. Da farko yunwa ce ke kawo shi. Daga baya sai ya lura yana zuwa ko da cikinsa a cike.

Matsalar ita ce Iya Sidika ta riga ta shelanta sharaɗinta, kuma a gaban tukunya ta yi, kowa ya ji.

“Na yi jinyar namiji ɗaya har na kai shi makwancinsa, Allah ya ji ƙansa. Ba zan ƙara ba. Duk tsohon da ke so na, ya fara cinye gandata in ga ko da sauran ƙarfi a jikinsa.”

Gandarta kuwa, Allah ya kiyaye. Ita a ganinta gandar da ta yi laushi abincin marasa lafiya ce, saboda haka nuna mata wuta kawai take yi ta sauke. Direbobin tasha sun ce da ita suke facin taya. A da, lokacin da yake jan motar katako, Baba Ajagbe biyu yake ci ya kora da ruwa. Tun da ya dawo daga Ibadan ya koma kifi da hanta, wai can abin da manyan mutane ke yayi ke nan.

Yana ɗaga labule direbobi suka miƙe rabi-rabi, suna taɓa ƙasa da hannu.

“Sannu da zuwa, Baba! Sarauta aka ba ku ba mu ji ba?”

“Ku dai ci abincinku, 'yan banza,” in ji shi, ya tattara riga ya zauna a gurbinsa kusa da Oyelami.

Oyelami ya dube shi daga hula har takalmi, ya shinshina iska.

“Har da turare. Ajagbe, yau za ka kashe kanka ke nan.”

Iya Sidika tana bayan tukwanenta, ɗankwali ɗaure tamau, muciya a hannu, gumi na bin wuyanta. Ta yi masa kallo ɗaya. Matar da ta shekara talatin tana sayar wa maza abinci ba sai an gaya mata ma'anar babbar riga ranar Talata ba. Ya miƙe zai je bakin tukunya ya nuna abin da yake so kamar yadda kowa ke yi, sai ta ɗaga masa ludayi.

“Zauna, Baba Ajagbe. Kada manja ya ɓata wannan riga. Yau ni zan zaɓa maka.”

Da kanta ta kawo. Amala mai tururi, wato tuwon garin doya, miyar wake a gefe ɗaya, ayoyo a ɗaya, jar miya ta malale a kai. A can sama kuma, a naɗe, tana ƙyalli, ga ganda mai kaurin tafin hannu. Ta ajiye, ta ce a ci lafiya, ta koma wurinta, ta juya kujerarta yadda za ta riƙa ganinsa.

Baba Ajagbe ya ƙura wa gandar ido. Ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa.

Sa'arsa ɗaya, a wurinmu ba a fara cin nama. Wanda ya fara da nama ba shi da tarbiyya, sai an gama da amala tukuna. Saboda haka ya shiga cin amala a hankali, loma ƙanana, yana yaba miya, yana tambayar direbobi labarin hanyar Iseyin da bai dame shi ba. Da amalar ta ƙare ya ce a ƙaro. Da ta biyu ta ƙare ya ce a ƙaro rabi. Cikinsa ya yi tam, zufa ta jiƙa wuyan rigar, gandar kuwa tana nan inda take.

Ya sunkuya wajen kunnen abokinsa.

“Oyelami, ka taimake ni. In ta juya baya zan tura maka ita.”

Oyelami ya tsaya da loma a hannu.

“Ni za ka rage wa nama? Ƙanenka ne ni?”

To, nan fa ake yin ta. Babba shi ke rage wa ƙarami nama, kuma babba na iya miƙa hannu cikin kwanon ƙarami ya ɗauki abin da ya ga dama, ba wanda zai ce uffan. Amma ƙarami ya tura wa babba ragowarsa, wannan zagi ne da ake zama a kansa. Su biyun nan kuwa a damina ɗaya aka haife su, a unguwa ɗaya. Uwar Ajagbe ta ce nata ya riga zuwa, uwar Oyelami ta ce ƙarya ne, unguwarzomar da za ta raba gardama ta mutu tun suna rarrafe. Shekara sittin da ɗoriya ke nan kowannensu yana jiran ɗayan ya kira shi Yaya.

“Ba maganar girma ba ce,” in ji Baba Ajagbe cikin raɗa. “Maganar rai ce.”

“Maganar girma ce mana. Amma ga hanya mai sauƙi.” Oyelami ya lashe yatsa. “Ka ce, ‘Yaya Oyelami, bismilla,’ da ƙarfi yadda 'yan tasha za su ji. Sai in sa hannu in ɗauka a matsayina na babba. Ita ma Iya Sidika ba ta da ta cewa, sai ma ta yaba ladabinka.”

“Uwarka ce ta koya maka wannan ciniki?”

“Uwata da ta riga taka haihuwa, ita fa.”

Baba Ajagbe ya dubi gandar. Ya dubi Iya Sidika, wadda ta daina tuƙa amala ta harɗe hannuwa. Yana son matar nan, so na gaske, irin wanda ke hana tsoho barcin rana. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da tsira. Ya buɗe baki, ya ga yadda Oyelami ya riga ya gyara zama yana washe nasa haƙoran na asali, jajaye da goro, masu giɓi, amma nasa. Sai zuciya ta ɗebe shi.

“Gara in mutu,” in ji shi, ya ɗauki gandar.

Ya kafa mata haƙora ta gefe. Ba ta ko motsa ba. Ya juya ta ya gwada ɗaya gefen. Bukar ta fara yin shiru, don kowa ya san sharaɗin, kowa kuma ya ga rigar. Wani direba ya rage rediyo. Sai Baba Ajagbe ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru ba tare da tunani ba: ya datse da ƙarfi, ya riƙe da hannu biyu, ya ja.

Gandar ta miƙe, ta ƙara miƙewa. Sai aka ji ɓas, jar miya ta fantsama a ƙirjin babbar riga, hannuwansa suka yi gaba. Ga ganda a hannunsa ba abin da ya same ta, ga haƙora sama da ƙasa sun datse ta gam, suna sheƙi. Bakinsa kuwa ya lotsa ciki, nan take shekara ashirin ta hau fuskarsa.

A nan zan faɗi alherin Oyelami, ko da yake bai cika yawa ba. Bai yi dariya ba. Wuf ya cire hularsa ya kifa a kan abin. Sai dai ya makara, kowa ya gani. Wani direba ya shaƙe da ruwa, aka shiga bubbuga masa baya, wani ya fita waje da gudu, ana jin dariyarsa har bakin tasha.

Iya Sidika ta taso. Ba ta yi sauri ba. Ta ɗage hular ta miƙa wa mai ita, ta karɓi gandar, ta sa babban yatsa ta ɓamɓare haƙoran kamar mai ɓare gyaɗa. Ta ɗauraye su a kwanon wanke hannu, ta ɗaga su wajen haske ta duba.

“Aiki mai kyau,” in ji ta. “Ibadan ba wasa.”

Baba Ajagbe ya rufe baki da hannu. Da ƙasa za ta tsage da ya shige. Bai taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai baƙin ciki, don ya san ya rasa ta.

“Baba Ajagbe, ni fa abinci nake sayarwa, bakin mutane nake kallo tun safe har yamma. Mutum ya shekara talatin yana cin ganda, rana ɗaya ya dawo ya ce kifi ake yayi? Tun ranar na sani. Jira nake ka faɗa mini da bakinka, kai kuma ka tsaya kana yi mini murmushin likita.” Ta dafa tebur. “To, ga ni. Me ka sa riga ka zo faɗa?”

Ya miƙa hannu a ba shi haƙoransa.

“A'a. Haka nan za ka faɗa.”

Ya sauke hannun daga bakinsa. Maganar ta fito a tauye, iska na bin ta, rabin haruffan sun zube a hanya, amma ba wanda ya yi dariya.

“Na tsufa, Iya Sidika. Ga shi kin gani. Gwiwata ma ciwo take, ban gaya wa kowa ba. In na tashi daga nan na koma gida ba wanda nake yi wa magana sai gobe in na dawo. Ba mai jinya nake nema ba. Ke nake so.”

Iya Sidika ta ɗauke hannunta daga tebur. Sannan ta kama bakin zaninta, ta sa haƙoran a ciki, ta ƙulle, ta soke a ƙugu.

“Yayana yana garin Iganna. Ka je da manyanka ku gaishe shi yadda ake yi. A can za ka karɓi kayanka.”

“Manyansa duk sun mutu,” in ji Oyelami, yana mai da hula kansa, “sai ni. Ni zan shige gaba a matsayin yayan ango.”

Baba Ajagbe ya zabura zai ƙaryata, amma abin da ya fito daga bakinsa huci ne da yawu. Direbobi suka ce sun shaida bai musa ba.

“Ku kuma me kuke kallo?” Iya Sidika ta daka musu tsawa. “Wanda ya gama ya ba wani wuri!”

Ta ɗauke kwanon gandar ta tafi bayan tukwane. Jim kaɗan ta dawo da ƙaramin faranti, ƙwaƙwalwar akuya ce da hanta, ta farfasa su da bayan ludayi cikin romo. Ta ajiye a gaban Baba Ajagbe. Sai ta ture Oyelami da ƙugu, ta zauna a kan bencin, ita da ba wanda ya taɓa ganin ta zauna a wurin masu ciniki. Amala na kan wuta tana neman kamawa, ba ta ko waiwaya ba.

Baba Ajagbe ya ɗebo da sauri don ya gama ya ɓoye bakinsa.

“Ci a hankali,” in ji ta. “Ba inda za ni.”