Gefen Fizar Fortuna

A unguwar Sanita, cikin birnin Napoli, ba a barin gefen fiza, wato gurasarsu ta tanderu, a faranti. Tsakiyar kowa zai ci, tumatir ne da cuku. Gefen nan mai kumburi shi ne hannun mai gasawa. Wanda ya bar shi ya ce kwaɓin bai yi ba, ko bai buɗe baki ba. Don Aniello ya fi kowa sanin haka. Tun yana saurayi yake gaban tanderun gidansu, kuma duk farantin da ya dawo da gefe a kai, ɗauka yake ya je har teburin ya tambayi mutum, "Me ya yi maka?"

Yau Lahadi, shi ne a tebur. Kafaɗarsa ta daina ɗaga shebur ɗin gashi, likita ya ce ya isa haka. 'Yarsa Fortuna ta karɓi tanderu. Ta daɗe tana kwaɓi a ɗakin baya, amma ba ta taɓa tsayawa gaban wuta jama'a na kallo ba. Da aka taso daga coci unguwa ta cika shagon. Ba yunwa kaɗai ta kawo su ba. Farantin tsoho suka zo gani.

Akwai abin da ba su sani ba. Kwanakin baya ya ce zai je garin Pozzuoli gaida dangi. Wurin likitan haƙori ya je. Aka cire 'yan sauran haƙoran da suka rage, aka sa masa na roba. Gashin bakinsa mai kauri ne, dariya kuwa dama ba ya yi, don haka ba wanda ya lura. Har yau dasashinsa ɗanye ne. Kafin ya sauko daga bene sai da ya haɗiyi ƙwayar kashe zafi, yanzu ga shi a zaune kansa ba nauyi, kamar ba nasa ba.

Bai taɓa ganin shagon daga nan ba. Rana ta shigo ta ƙofa a karkace, garin fulawa yana yawo a cikinta, yana hawa a hankali, ba ya sauka. A waje zannuwan gado suna lilo a igiyoyin shanya daga bene zuwa bene. Surutun mutane ya yi nisa, ya koma kamar ƙarar teku in mutum ya kwanta a cikin kwalekwale. Wuta tana lasar rufin tanderu. A gabanta mace ce a tsaye, ta naɗe hannun riga, tana marin kwaɓi daga tafi zuwa tafi. Sai ya ga Nannina ce, matarsa, da jan kallabinta, shekarar da ya auro ta, tana waƙa ƙasa-ƙasa don kada uwarsa ta ji. Ya tsaya yana jira ta waiwayo.

"Anie! Ka mutu ne a zaune?"

Sabatino wanzami ne, abokinsa tun ƙuruciya, ya ja kujera ya zauna a gabansa. Matar da ke gaban wuta ta waiwayo. Fortuna ce. Nannina ta daɗe a ƙasa.

"In na mutu kai za a fara gaya wa, ka zo ka yanke ni da askarka kamar kullum."

"Ji tsoho. An sauke shi daga mulki amma bakin na nan."

Saverio, mijin Fortuna, ya kawo faranti biyu da kwalbar jan ruwan inabi. "Ga shi, Baba. Ta farko ce, taka ce."

Don Aniello ya duba. Gefen ya tashi sosai, da ɗigon ƙuna nan da can. Ya ɗaga ya duba ƙasan. Ya danna da yatsa, kumburin ya lotsa ya dawo. Ya yanki tsakiyar ya kai baki.

Laushi, zafi, tsamin tumatir, man zaitun, ƙanshin ɗoɗɗoya. Abin ya narke kafin haƙori ya taɓa shi. Ya lumshe ido. Sai ga shi a soron gidan kakarsa da rani, tumatir shimfiɗe a kan katako yana shan rana, ƙudan zuma suna kewaya, can ƙasa jirgin ruwa yana busa ƙaho. Ya ci, ya ƙara ci. Bai san lokacin da tsakiyar ta ƙare ba.

Saura gefe, zagaye guda a farin faranti.

Ya yago ɗan guntu ya ciza. Gefe mai kyau danƙo gare shi, sai an ja, wannan kuwa mai kyau ne. Haƙoran sama suka saki, suka biyo shi. Zafi ya soke shi har ido. Ya rufe baki da adiko, ya mayar da su da harshe, ya ji ɗanɗanon jini. Ya tofa guntun a adikon, ya ajiye hannu a tebur.

Shagon ya yi tsit. Donna Rusinella mai sayar da furanni ta taɓa ƙanwarta. Raɗanta har titi ake ji. "Ya bari. Ki duba, ya bar mata gefe."

Fortuna ba ta juyo ba, amma wuyanta ya yi ja. Ta tura shebur cikin wuta, ta manta ta juya abin da ke ciki. Ƙauri ya tashi.

Saverio ya sunkuyo kamar mai goge tebur. "Baba, bari in ɗauke. In rufe da adiko, ba wanda zai gani."

"Sun gani."

"To ka ce wani abu, don Allah. Jiya ba ta runtsa ba."

Me zai ce? In ya ce ya ƙoshi, ƙarya ce, kowa ya san cikinsa. In ya ce ya yi daɗi alhali gefe na kwance, za a ce tausayin uba ne, kuma har ta tsufa a haka unguwa za ta riƙa tuna ranar nan. Ya dubi bayan 'yarsa. Ya ga furfura a ƙeyarta, bai san yaushe ta fito ba.

Ya sa yatsu biyu a baki. Ya zaro na sama, ya zaro na ƙasa, ya ajiye su a kan adiko kusa da gishiri. Nan take fuskarsa ta faɗa ciki, gashin bakin ya sauko ya kusa taɓa haɓa. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta toshe mata baki.

"Saverio. Cika mini kofi."

Maganar ta fito a tauye. Saverio ya cika. Don Aniello ya tsoma gefen a ruwan inabi, ya jira ya jiƙa, ya kai baki, ya murza shi da dasashi. Da zafi. Ya haɗiye. Ya yago wani.

Sabatino ya yi ta kallonsa, sannan ya buga tebur. "Pozzuoli! Ashe dangin da ka je gaidawa ke nan!"

"Ci abincinka."

"Ai da na san ana haka, da ban wahala ba." Wanzami ya sa hannu a aljihun kwat, ya fito da gefen tasa fizar a naɗe cikin takarda. "Tun da turamen haƙorana suka zube nake kai wa tantabarun bakin coci. Tsoron masifarka nake ji. Kai ka ga ƙibar da suka yi?"

"Munafuki."

"Miƙo kofin, kakan munafukai."

Dariya ta ɓarke har teburan waje. Donna Rusinella tana share hawaye tana cewa ita dama ta ga kumatunsa sun canja. Tsofaffin biyu suka yi ta tsomawa a kofi ɗaya. Don Aniello bai yi sauri ba. Rana ta matsa daga ƙofa ta hau bango, muryoyi suka sake yin nisa, shi kuwa yana ci, guntu bayan guntu, har ya shafe farantin da na ƙarshe.

Fortuna da kanta ta zo, fulawa har gwiwar hannu. Ta dubi farantin. Ta dubi abin da ke kan adiko. Ta dubi ubanta, ta daɗe tana dubansa.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba aikinki ba ne. Wa ke gaban wuta?"

"Ba kowa."

"To?"

Ta naɗe haƙoran a adikon ta zura masa a aljihun gaba, ta ɗauki farantin. Ta yi taku biyu ya kira ta.

"Fortuna."

"Na'am, Baba."

"Ƙaro wata."