Saƙon Ƙofar Makaranta

Kowace safiya, kafin dutsen guga ya gama ɗaukar zafi, wayar mai guga takan yi ƙara a kan kantar da ake jera sabulu. Ba ya gaggawar dubawa. Sai ya shimfiɗa rigar farko, ya yayyafa mata ruwa, sannan ya miƙa hannu. Saƙon bai taɓa canzawa ba: ɗalibarku ta shigo makaranta.

A ƙofar makarantar akwai wata na'ura da yara ke kara katinsu a jikinta, ita kuma ta aika wa iyaye labari. Lambarsa aka bayar ranar da aka kai yarinyar, don a lokacin wayar uwarta ta faɗa cikin bokitin wanki. Yarinyar ba tasa ba ce. Agola ce, an zo masa da ita tana tatata, ta tashi a hannunsa har ta iya ɗaure igiyar takalmi, tana ce masa Baba, shi yana ce mata Tsigi saboda ƙanƙantarta. Da auren ya mutu, uwar ta koma gidan yayanta a can ƙarshen gari, ta roƙe shi, ba da faɗa ba, kada ya riƙa zuwa. Ta ce gara yarinya ta rasa shi sau ɗaya da ta riƙa rasa shi duk ƙarshen mako. Ya ga gaskiyarta, ya yi alkawari, ya kuma cika. Sai dai babu wanda ya tuna da na'urar.

Ta haka ya san lokacin shigarta da na fitarta. Ya san ranar da ta makara. Duk mako kuma makinta yakan iso: karatu yana sama, lissafi yana ta zamewa ƙasa kamar rigar da aka rataya ba daidai ba. Yakan karanta a ɗakinsa da ke bayan shagon, ɗakin da ya yi masa faɗi tun da aka kwashe ƙaramin gado.

Dogo, wanda ke wanki a shagon, ya daɗe da lura da ƙarar nan ta safe. Yakan ɗago daga kumfa ya tambaya ko budurwar ta kwana lafiya, ya ce shi dai bai taɓa ganin mace mai cika lokaci irin wannan ba, in ta yi ƙanwa a taimaka masa. Mai guga sai ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Wani lokaci yana tsakiyar guga yakan tambayi kansa ko abin da yake yi sata ne. Ɓarawo yakan bar gurbi a inda ya ɗauka, shi kuwa bai bar gurbi ba, tunda uwar ba ta ma san da saƙon ba. Bai je ba, bai kira ba, bai taɓa raɓewa a bakin makaranta lokacin tashi ba. Saƙo ne ke takowa ya same shi har inda yake. Duk da haka ya lura bai taɓa gaya wa kowa ba, kuma abin da mutum ya ɓoye, yawanci ya san dalilin ɓoyewar.

Wata safiya wayar ba ta yi ƙara ba. Ya goge riga, ya goge ta biyu, ya duba ko caji ne ya ƙare. Ya fita bakin titi ya ɗaga ta sama, ya dawo. Dogo ya ce da alama an yi masa ƙwace, ya yi haƙuri, mata suna da yawa a gari.

Da hantsi sai wani saƙo dabam ya shigo. Ɗalibarku ba ta zo makaranta yau ba. Idan da saninku, ku amsa da E.

Ya jingine dutsen guga ya zauna a kan ƙunshin kayan wani. Wataƙila zazzaɓi ne, tana kwance, uwarta na gefenta. Wataƙila sun yi tafiya. In haka ne, ba abin da ake bukata sai wannan amsa, a rufe magana, gobe wayar ta yi ƙararta kamar kullum. In kuma ya kira uwar, tambayarta ta farko ita ce yadda aka yi ya sani, daga nan kuma shi ke nan. Ya ga cewa ko yarinyar tana lafiya ko ba ta lafiya, kiran nan zai raba shi da ita. Ya kuma ga cewa in har ta bar gida da safe ba ta isa ba, a duk faɗin garin shi kaɗai ya sani, shi da na'urar da ba ta da ƙafa.

Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya shiga ɗakinsa, ya tura ƙofa, ya nemo lambar uwar, wadda ya ƙi gogewa.

Ta ɗauka a gajiye, da hayaniyar wurin aikinta a bayanta. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Maman Tsigi, yarinyar tana gida?"

"Tana makaranta. Lafiya?"

"Ba ta isa ba."

Muryarta ta ƙanƙance.

"Ya aka yi ka sani?"

Ya gaya mata, a taƙaice, bai ƙara ba bai rage ba. Ta kashe wayar.

Bai san inda zai fara nema ba, kuma ba a ce ya nema ba. Ya koma kan tebur ya yi ta guga, yana ninkewa yana jerawa, wayar tana aljihun ƙirjinsa. Dogo ya kalle shi, ya haɗiye zolayar da ke bakinsa, ya je ya kawo masa ruwa a kofi.

Sai da rana ta karkata sannan uwar ta kira. An sami yarinyar a bayan wani kantin magani kusa da makarantar, zaune a kan jakarta tun safe, ba ta ci komai ba. A ajinsu akwai babban allo mai haske da ke jera sunayen yara bisa makin lissafi, sunanta ya daɗe a can ƙasa, yau kuma ranar sabon jeri ce. Uwar ta ce malamar ta yi mamaki, wai ai makonni ke nan ana aika wa gida labari.

"Ka gani kenan," in ji ta. "Duk wannan lokacin kana gani."

"Ina gani."

"Ni kuwa kullum na tambaye ta sai ta ce lafiya lau."

Ashe gurbin da yake cewa bai bari ba yana nan, yarinyar ce ke zaune a cikinsa.

Uwar ta ce tana ofishin makarantar, za su mayar da saƙonnin kan layinta, amma sai an turo wasu lambobi zuwa tsohon layin, mai shi ya karanto su. Tana cikin magana wayar ta girgiza a kunnensa. A bayanta ya jiyo wata 'yar murya tana tambayar ko za su tafi gida yanzu. Muryar ta ɗan yi kauri fiye da yadda ya san ta.

Ya sauke wayar ya duba lambobin. Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don kada a yi kuskure. Ya ji ana dannawa a can. Wani namiji a ofishin ya ce shi ke nan, ya yi.

"Da yatsu take ƙirge," ya ce da sauri kafin ta kashe. "A ƙarƙashin tebur, don kar a gani. In an bar ta ta yi a fili, tana samu daidai."

"To," in ji uwar. "Na gode da ka kira."

Ya ajiye wayar. Dutsen guga ya huce tun ɗazu, akwai kuma tulin zannuwan gado da mai su zai zo karɓa kafin a rufe shago. Dogo ya tsame hannunsa daga ruwa, ya goge a wando, ya zo ya kama masa bakin zanin farko suka ja.