Dami Biyu Zuwa Rugar Gide

Wutar da ta ci gefen garinmu Mabai bara, ni na tayar da ita. To, na faɗa! Zuma na je ɗiba a kukar bayan gonata, na yar da tunkun ciyawar da na yi wa ƙudan hayaƙi, ina zaton ya mutu. Ashe da sauransa.

Kafin la'asar ta lashe damman dawar gida huɗu, ta tsallaka ta cinye rugar Gide, Bafulatanin da shanunsa ke kwana a gonata duk rani suna zuba mini taki. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Ni kuwa na ja bakina na yi gum.

A garinmu in gobara ta auka wa mutum, kowane magidanci kan kai masa damin dawa na jaje. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, mai unguwa Malam Abdulƙarim ya kira sunayen gidaje huɗun nan, ya tsaya a nan.

Na ce, "Malam, Gide fa?"

Kamilu mai faci ya yi caraf ya ce, "Haba! Bukkar kara ce fa. Su ai gobe ma sai su tashi. Wa ya sani ma ko su suka kunna?"

Ka ji mutum! Gide da aka haifa a nan, kabarin mahaifinsa na kusa da na nawa. Yana tsaye yana ji, ya ɗauki sandarsa ya sa takalmi. Dama matarsa Barakatu ta faɗa wa maiɗakina cewa in aka ɗora musu wutar nan, garin Sabuwa za su koma wajen danginta. Wallahi kunya ta kama ni.

Na ce, "Jama'a, ni ne. Garin kwaɗayin zuma."

Kai, na sha zagi ranar! Har yau in na wuce majalisa sai an ce ga Zailani sarkin zuma. Amma Malam Abdulƙarim ya ɗaga hannu ya ce gidaje biyar ne, ba huɗu ba.

Na ɗaura dami biyu a babur na nufi ruga. Na tarar da Gide yana kafa sabuwar bukka. Na fara ba shi haƙuri, ya katse ni.

"Ai na gan ka ranar, Malam Zailani. Ina kiwo a ƙasan kukar."

"Ka gan ni? Ana ɗora maka, ka yi shiru?"

"Da na faɗa, wa zai yarda?" Ya miƙo mini igiya. "Riƙe nan, ja da ƙarfi."

Na riƙe, na ja. Bana ma shanunsa a gonata suke kwana.