Nawa Na Nan

Motar tsofaffin unguwarmu fara ce mai ƙofar ja, kuma kusan duk wanda ke cikinta ya taɓa riƙe sitiyari da hannunsa kafin ido, ko gwiwa, ko 'ya'ya su ƙwace masa makulli. Ƙungiyar unguwa ce ta saye ta. Ranar asibiti ta bi gida-gida ta kwashe mu, ta zube mu a bakin ƙofa, in rana ta karkata ta maido mu. Ni ciwon zuciya ke kai ni, da gwiwar hagu da ta daɗe da yi mini tawaye. 'Ya'yana duk suna nesa, sai dai a waya. Saboda haka motar nan ita ce ƙafata, kuma kowa ya san haka.

Doka ɗaya ce a cikinta. Tun ranar da aka manta wani dattijo a banɗakin asibiti har masu shara suka tsince shi yana kuka, Shugaba ta kafa ta. Shugaba tsohuwar malamar makaranta ce, har yau in tana magana sai ka ji kamar za ta ce ka miƙo hannu. Kowa da abokin kujerarsa. Kafin mota ta tashi direba zai ce, "Kowa ya taɓa nasa!" Sai ka dafa kafaɗar na kusa da kai ka ce, "Nawa na nan." Direba ba ya juyowa, kunne yake sawa, layi bayan layi har na ƙarshe. Mu ma ba ma juyawa, don babu mai sauran wuyan waiwaye a cikinmu. Marar aboki ba ya hawa. Wanda kuwa ya amsa alhali nasa ba ya nan, shi da motar har abada.

Abokiyata ta da, 'yarta ta zo ta tafi da ita. Shugaba ta ce kada in damu, akwai sabon mutum, mai ciwon ido, za a haɗa mu a kujerar baya. Ranar da mota ta tsaya a ƙofar gidan da na fi tsana a duniya, sai da na dafe ƙirjina. Mijin Yayata ne ya fito, yana laluben hanya da sanda.

A unguwa Mai Goge-goge ake ce masa, don shekara da shekaru aikinsa na safe ke nan, goge motarsa. Ya goge gilashi, ya goge taya, ya ja da baya ya kalle ta kamar amarya. Ledar da aka sayo kujerun da ita bai taɓa cirewa ba. Lokacin da ciwon suga ya fasa wa Yaya ƙafa, ana wanke mata gyambon a asibiti kusan kullum, mutumin nan ya dubi matar da ta haifa masa 'ya'ya ya ce warin ciwo yana kama kujera, in ya kama kuma ba ya fita. Ni na riƙa kai ta. A lokacin ba ni da mota, sai mu tsaya a bakin titi cikin rana, tana jingine da ni, ƙafar ɗaure da bandeji, muna tsaida motar haya. Wasu su tsaya, wasu su ga ƙafar su ƙara wuta. A ciki mutane su toshe hanci, ita kuma ta riƙa ba su haƙuri. Rannan muna tsaye sai ga shi ya zo wucewa, shi kaɗai a mota, ya danna mana hon ya ɗago hannu. Yaya ta ɗaga masa nata. Wannan hannun da ta ɗaga shi ne abin da na kasa haɗiyewa har yau. Allah ya jiƙanta, ƙafar ce ta zama ajalinta. Bayan rasuwarta don baƙin ciki na koyi tuƙi da furfurata, na yi ta ɗaukar duk wanda na gani a bakin titi, har rawar hannu ta sauke ni.

To ga shi duniya ta juyo da shi. Ido ya tafi, ɗansa ya sayar da motar. Direba ya kamo hannunsa har baya. Kafin ya zauna sai ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu ya shimfiɗa a kan kujera.

"Wa aka haɗa ni da shi?" ya ce.

"Ni ce."

Ya karkato kunne. "Kai! Auta? Ashe kina nan da ranki? Yarinyar nan, ko ki leƙo gaisuwa."

Yarinya. Ni da jikokina suka fara aure. Na ce, "Ina nan, Yaya. Allah bai yi ba tukuna."

"To madalla, na faɗo hannun gida. Amma motar nan tana wari, ko ba kya ji? Warin magani da tsufa."

Tela, wanda ke kujerar gabanmu, ya ce, "Malam, namu ne. Naka ma yana hanya." Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Makonni muka yi a haka. Direba ya ce kowa ya taɓa nasa, in dafa kafaɗar nan da yatsa biyu kamar mai taɓa tukunya a wuta, in ce nawa na nan. Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Wai direba bai iya canja giya ba. Direba yana taka birki kamar mai kashe kunama. Shi a zamaninsa ko ƙuda bai isa ya sauka a motarsa ba. A asibiti ni ke jan sa zuwa ɗakin likitan ido, in zaunar da shi, in tafi nawa layin, in dawo in ɗauko shi. Ko sau ɗaya bai ambaci Yaya ba. Na yi ta jira, wallahi na jira. Da ya ce ko "Allah ya jiƙan yayarki" ne da muryar mai kunya, wataƙila da na sassauta. Bai ce ba.

Ranar da abin ya faru, an ɗiga masa maganin nan da ake sa wa kafin likita ya leƙa cikin ido, wanda ke barin mutum yana ganin duniya kamar ta cikin ruwa. Na gama da likitana na zo na same shi a kan benci, ya rufe fuska da tafin hannu, hawayen magani na zuba. A gefensa wata mata ce zaune, ƙafarta ɗaure da bandeji, ruwan ciwo ya ɓullo ta ƙasa. Ya ji takuna ya ce da ƙarfi, "Auta, ke ce? Zo ki matsar da ni. Wani abu na ɗoyi a nan, kamar mushe." Matar ta janye ƙafarta ƙarƙashin benci ta ce, "Yi haƙuri, Baba."

Wannan haƙurin da ta bayar shi ya ƙarasa ni. Na kama hannunsa da ladabi, na kai shi can ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiyar kekunan marasa lafiya, inda babu mai wucewa. Na zaunar da shi na ce, "Nan babu wari, Yaya. Zauna har in zo."

"Kada ki daɗe, kin san ki da shiririta."

Na sauka a hankali, don gwiwata ba ta san sauri ba. Na shiga mota, na bi ta tsakanin jakunkuna da sanduna har baya. Farin ƙyallensa na nan shimfiɗe inda ya bar shi. Tela ya riga ya fara gyangyaɗi. Direba ya tada inji ya ce, "Kowa ya taɓa nasa!" Amsa ta taho daga gaba, layi bayan layi. Da ta iso kaina na ɗora tafin hannuna gaba ɗaya a kan ƙyallen na ce, "Nawa na nan." Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Masu iya magana sun ce rama cuta ga macuci ibada ne, kuma ranar na yarda da su. Na buɗe taga iska ta buge ni. Ban taɓa lura hanyar gida tana da itatuwa masu kyau haka ba. Gidana ake fara isowa kafin nasa, don haka na sauka na yi wa kowa sai an jima. Ina cire takalmi waya ta fara kuka. Na bar ta ta yi ta yi, na ɗora ruwan shayi.

Washegari matar Tela ta kawo mini labarin da zafinsa. Direba ya tsaya a ƙofar gidan mutumin, ya jira, ya leƙa baya, sai ƙyalle. Ya koma asibiti a guje, ya duba ɗakin likitan ido, ya duba banɗaki, babu shi. Sai da rana ta kusa faɗuwa wani mai gadi ya ji ana kira, "Auta! Auta!" da muryar da ta dushe. An same shi ya kama bango, ya kasa gane gabas, kuma fitsari ya ci ƙarfinsa. A haka direba ya ɗauko shi, ya zaunar da shi a kujerar gaba. Matar Tela ta ce, "Abin tausayi." Na ce, "Sosai," na ƙara mata shayi.

Ranar asibiti ta zagayo, aka ɗauke ni kamar kullum, ba wanda ya amsa gaisuwata da kyau. Da aka ɗauko shi, Shugaba ta ce wa direba ya kashe inji. Ta miƙe ta riƙe ƙarfen kujera.

"Auta, kin san doka, da ke aka kafa ta. Amma dukanmu nan mun tsufa. Ni jiya a cikin firij na tsinci tabarauna. In mantuwa ce ki ce mantuwa ce, a wuce wurin."

Mafita ce ta ba ni, kuma na gane. Kalma ɗaya, in ci gaba da zama. Na tuna layin likitan zuciya, na tuna tsayin matakalar motar haya, gwiwata ta yi mini tsami tun kafin a je ko'ina. Har na buɗe baki, sai shi ya riga ni.

"Shugaba, a bar maganar. Mantuwa ce. Auta ce fa, tun tana ƙarama haka kanta yake, yayarta ma ta sha fama. Ni na yafe mata."

Wai shi ne zai yafe mini. Ya fi son a ce na zauce da a ce wata ta ajiye shi a lungu da gangan kamar tsohon buhu. Na dogara sanda na miƙe.

"Ban manta ba," na ce. "Da hankalina na kai shi bayan ɗakin kekuna, da hankalina na amsa. Ku tambaye shi me ya sa matarsa ta yi ta hawan motar haya da ruɓaɓɓiyar ƙafa alhali tasa motar na ƙofar gida tana sheƙi. Ku tambaye shi ranar da ya wuce mu a titi ya danna mana hon."

Ya ɗaga fuska yana neman inda muryata take.

"Wace rana ke nan?" ya ce. Kuma da gaske yake tambaya.

Tela ya ce, "Ni na tuna. A gaban shagona ne."

Shugaba ta dube ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Doka doka ce, Auta." Na ce na sani, na ɗauki jakata. Direba ya sauko ya riƙe ni har ƙasa, yana ta sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifi. Ina tsaye na ji Shugaba tana cewa, "To, ba shi da aboki. Wa zai ɗauke shi? Ko a yi uku a kujera ɗaya, na yarda."

Babu wanda ya yi ko tari. Ta sake tambaya. Tela ya ce wuyansa na ciwo, ba zai iya lura da mutum biyu ba. Wata daga gaba ta ce ita hancinta ba ya son warin turarensa. Can sai ga direba ya fito da shi, ya tsayar da shi kusa da ni, ya ja ƙofa. Motar ta tafi ta bar mu mu biyu a bakin titi.

Ya tsaya yana juya sanda a hannu. Motoci na wucewa, yaran mota na kiran sunayen unguwanni, shi kuwa bai taɓa sanin wace ke zuwa ina ba. Ni na san ba ni da sauran mai kai ni asibiti, na san abin da ke jiran gwiwata, kuma raina fes yake.

"Auta," ya ce a hankali. "Yau likita zai duba ni. Wace mota ake hawa daga nan?"

"Tambayi Yayata," na ce. "Ita ta san su duka."

Na tsallaka titi na tsaida tawa.