Kyamarar Baba Mai Hoto

"Sauke wannan abin daga fuskata," in ji Baba Mai Hoto, ya kai hannu ya ture wayar.

Tela ya mayar da ita aljihu yana dariyar yaƙe. 'Yar Baba ce ta roƙe shi daga can garin da take aure. Ta ce duk gidanta babu hoton mahaifinta ko guda, ga shi jikin nasa sai ƙara lalacewa yake. Abin kamar wasa, amma gaskiya ne. Mutumin da ya ɗauki hoton kowa a layin nan, daga amare har jarirai, shi ba a taɓa ɗaukarsa ba.

"Baba, guda ɗaya kawai."

"Na ce a'a. Hoton da za a share da ɗan yatsa ba hoto ba ne. In da gaske kake, ka zo da fim."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon Tela da ɗakin Baba. Tun da yanar ido ta rufe wa tsohon gani, masu zuwa gaishe shi suka ɗauke ƙafa, sai Tela kaɗai ya rage. Shi ma ɗin ba wanda ke jiransa a gida in ban da keken ɗinki. Da yamma yakan shigo su sha shayi, su zauna tare, kuma zaman yana musu daɗi.

Washegari Tela ya je kasuwa. A wani shago aka nuna masa sabuwar kyamarar fim cikin kwalinta, ta roba, mara nauyi. Mai shagon ya ce ita ke jan fim da kanta, kai dai ka saka ka rufe ka danna. Tela ya juya ta, ya sake juyawa, ta kwanta masa a rai. Ya ce zai dawo.

Da ya ba Baba labari, tsohon ya yi tsaki.

"Roba! Jawo akwatin nan na ƙarƙashin gado."

A ciki, naɗe da tsohon tawul, akwai kyamarar ƙarfe baƙa, gefunanta sun koɗe sun yi fari daidai inda yatsun Baba suka saba zama. Nauyinta kamar dutsen guga.

"Sayar maka zan yi, ba kyauta ba. Ka ɗinka min labulen tagar nan, mun rabu."

Tela ya kwana biyu yana saƙa da warwara. Sabuwar ba za ta ba shi kunya ba, ya sani. Tsohuwar kuwa komai nata da hannu ake yi, shi kuma bai taɓa riƙe irinta ba. Amma duk lokacin da ya tuna yadda Baba ya shafa ta, kamar mai shafa kan jika, sai ya ji ba zai iya shigo masa da roba ɗaki ba. Ya ɗinka labule, ya sayo fim.

Hannun Baba rawa yake, idon kuma babu, don haka Tela ne ya saka fim ɗin, tsohon na ba shi umarni daga kan gado.

"Ja bakinsa ka soka a tsagar can, haƙoran su kama."

To, tela dai tela ne. Mutumin da ya shekara yana tsimin yadi ba zai ja abu mai tsada ya bar shi a banza ba. Ya ja ɗan kaɗan, ya soka a hankali kamar mai zura zare a allura, ya rufe.

"Ya kama?"

"Ya kama, Baba."

Ya faɗe ta da irin muryar da yake ce wa masu ɗinki su dawo gobe.

Ran nan Baba ya sa aka ɗauko masa farar rigarsa, aka taje masa gemu. Ya zauna bakin taga, ya ce a ɗage sabon labulen rabi, haske ya zo ta gefe. Ko da bai gani, fatarsa ta san inda rana take.

"Kar ka ce in yi murmushi. Jira har in manta da kai."

Tela ya jira. Baba ya shiga labarin matarsa, yadda take ɓoye masa takalma in ya cika yawon ɗaukar hoto. Yana cikin dariya Tela ya danna. Ya murza abin jan fim, ya sake dannawa. Haka suka yi ta yi har rana ta bar tagar. Tela bai taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba.

Baba bai cika mako ba. Wata safiya Tela ya shigo da shayi, ya yi sallama, shiru. Baba na kwance ya fuskanci taga, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci. Tela ya ajiye kofin a ƙasa, ya zauna kusa da shi, ya daɗe kafin ya iya tashi ya kira mutane.

Bayan an yi jana'iza, jama'a sun watse, Tela ya kai fim ɗin wurin mai wankin hoto. Mutumin ya wanke, ya fito da shi ya ɗaga sama. Fes yake daga farko har ƙarshe.

"Malam, ai bai kama ba. Kana ta murzawa, shi yana kwance a gidansa. Haske bai taɓa shi ba."

Tela ya karɓi fim ɗin ya fita. A hanyar komawa ya wuce shagon nan, sabuwar kyamarar na nan cikin gilashi, bai iya kallonta ba.

Ya tarar da 'yar Baba zaune a ƙasan ɗakin, ta zazzage kwalayen hotuna tana dubawa. Fuskokin mutane ne birjik, ba na mahaifinta. Ta ɗago da sauri.

"Yaya, an wanko?"

Ya gaya mata gaskiya, bai rage komai ba. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Allah bai nufa ba," ta ci gaba da jera hotunan hawaye na ɗiga a kansu.

Ya durƙusa yana taya ta. Can ya ci karo da hoton kansa, yana saurayi, tsaye a ƙofar shago ranar da ya buɗe shi, da tef ɗin awo a wuya. Zai ajiye, sai ta riƙe masa hannu.

"Tsaya. Dubi ƙasa."

Rana tana bayan mai ɗaukar hoton. Inuwarsa ta miƙe a kan turɓaya har ta taɓa takalman Tela: gwiwoyin hannu a buɗe, kai a karkace, hula ta zame gefe guda.

"Haka Baba yake tsayawa," ta ce a hankali.

Ta goge ƙurar da bakin mayafinta, ta jingina hoton a kan taga. Tela ya tashi ya ɗage labulen rabi.