Teɓar Goggo

To ai an cire bandejin, kuma wallahi kuncin Autarmu ya ciko tamkar ba a taɓa shi ba. Amma tsaya ku ji yadda aka yi, don saura kaɗan a fasa aikin.

Kun san tun da babur ya kayar da ita kuncinta na hagu ya lotsa. Ciwo ya warke, rami ya zauna. Daga nan Auta ta daina dariya. Ko a shagon ɗinkinta bango take fuskanta, mai kawo kaya sai dai ya yi magana da ƙeyarta.

Likitar da aka kai ta wurinta ta ce za ta zuƙo kitse a jikin Auta da sirinji, ta tace, ta cika ramin da shi. Sai dai fuska tsoka ce kan tsoka, wata ta ja leɓe sama, wata ta ja gefe. In ba ta ga yadda na Auta suke ja ba, kitsen zai iya zama inda bai dace ba, tana murmusawa ya dunƙule.

"Yi min murmushi, ƙanwata," in ji likita, biro a hannu.

Auta ta gwada. Bakin ya ƙi, sai rawa yake. Ta ji hawaye na tahowa, ta fara laluben jakarta.

"In ban gani ba, ba zan taɓa ki ba," in ji likita.

Sai Goggo, ƙanwar babanmu da ta rako ta, ta miƙe daga kujera da ƙyar, ta dafe teɓarta da hannu biyu.

"Likita, wannan tsinken wane kitse gare ta? Ga nawa nan, kwashi. Ki cika mata, ki cika wa na layi, saura ki kai gida."

"Goggo, sai na jikinta."

"Kin raina nawa ke nan? Shekara nawa ina tara shi?"

Dariya ta ƙwace wa Auta kafin ta rufe baki. Likita ta cafke haɓarta, tana zana layi a kunci tana cewa, "Ci gaba, Goggo, kar ki tsaya."

Jiya na kai wa Auta jaririna shago. Ta juyo da keken ɗinki yana kallon titi, tana yi wa yaron gwalo, kumatu biyu duk sun tashi daidai. Goggo kuwa tana nan tana cewa ita ta yi rabin aikin.

Don Allah duk wanda ya san Auta a gaya masa, ya biyo ta shagon ya gani da idonsa.