Teburin Gaba a Gidan Abincin Duckett

Shekara goma sha shida mijina Cleophus Tolliver ya yi yana girki a gidan abincin Mista Duckett, a bakin babbar hanyar da ta ratsa Maryland daga New York zuwa Washington. Direbobin manyan motoci sukan tsallake gidajen abinci uku don su zo su ci wainar ƙaguwarsa. A duk shekarun nan ta ƙofar baya yake shiga, ta nan yake fita, abincinsa kuwa a tsaye yake ci kusa da wurin wanke-wanke, don baƙar fata ba ya zama a teburan gaba. Haka muka taso muka tarar, haka muke zaune.

Cleo mutum ne mai yarda da maganar manya. Ya yi soja a yaƙin duniya na biyu, ya tuƙa motar kaya a Faransa, ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu da takardar sallama wadda yake ajiyewa cikin Baibul. Da aka zaɓi sabon Shugaban Ƙasa, har da ƙuri'arsa, ya ce mini wannan dabam ne, ya ji shi a rediyo yana maganar 'yanci kamar daga zuciyarsa take fitowa. Na ce masa daɗin baki ba ya cika tukunya. Ya ce ni dai Vernice ko aljanna aka kai ni sai na duba ƙarƙashin gado.

A bazarar 1961 wani jakada daga wata sabuwar ƙasa ta Afirka ya tsaya da motarsa a gidan Duckett ya nemi kofi. Mai kai abinci ta ce masa ba a sayar wa irinsu a nan. Mutumin bai yi faɗa ba, ya sa hularsa ya fita, amma kafin sati ya zagayo labarin ya shiga jaridu har na ƙasashen waje. Ba gidan Duckett kaɗai ba, gidaje da yawa a hanyar sun yi wa jakadu irin haka.

Bayan wata guda sai ga mutum biyu daga Washington cikin baƙaƙen kwat, da wasiƙa suka ce daga ofishin Shugaban Ƙasa take. Suka zauna da Mista Duckett kusa da tagar da ake miƙa abinci, Cleo yana soya albasa yana jin komai. Sun ce ana kunyata ƙasa a idon duniya, Rasha tana yaɗa labarin a Afirka, kuma ƙasashen nan sababbi kowace tana da ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya. Shugaba da kansa yana roƙo a buɗe ƙofa. Mista Duckett ya yi gunaguni, ya ce masu cinikinsa za su gudu, daga ƙarshe dai ya miƙa hannu suka gaisa.

Ran nan Cleo ya dawo gida bai ko cire takalmi ba ya fara ba ni labari. Na tambaye shi ko ya ji an ambaci mu. Ya ce ai ba sai an ambata ba, baƙar fata baƙar fata ne, in na Afirka ya zauna me zai hana na Maryland. Ya ƙara da cewa ranar Lahadi mai zuwa aurenmu zai cika shekara ashirin, kuma a teburin da ke jikin taga zan ci wainar ƙaguwa, da faranti, da cokali mai yatsu. Na so in hana shi. Amma na daɗe ban ga fuskarsa haka ba, sai na goge masa kwat ɗinsa.

Lahadi ranar hutunsa ce. Muka taso daga coci da tsakar rana muka shiga ta ƙofar gaba. Ni ban taɓa ganin cikin wurin ba, ashe ƙarami ne, kujerunsa jajaye duk sun tsattsage. Masu cin abinci suka juyo suna kallonmu. A teburi na ƙarshe akwai wani baƙin mutum da matarsa, ya fi Cleo baƙi nesa ba kusa ba, yana sanye da doguwar riga mai aiki a wuya, suna cin abinci, an bar tebur biyu babu kowa tsakaninsu da sauran jama'a.

Mista Duckett ya fito daga bayan kanta yana goge hannu. Bai ɗaga murya ba.

"Cleo, ka manta wani abu a kicin ne?"

"A'a, Yallaɓai. Abinci muka zo ci, ni da matata."

"Ba da kai ake ba, yaro. Baƙin gwamnati aka ce. Wancan ya nuna mini fasfo. Kai ina naka?"

Mijina yana da shekara arba'in da bakwai a lokacin, ya girmi Duckett da biyu. Ya buɗe Baibul ɗin da ke hannunsa ya zaro takardar sallamarsa daga soja ya miƙa. Duckett bai karɓa ba. Ya ce ya san Cleo ya yi yaƙi, kowa ya sani, amma wannan takarda ta nuna shi ɗan ƙasa ne, yarjejeniyar kuwa ta 'yan waje ce. Wani direba a bakin kanta ya ce a ba shi zanen gado ya yafa mana, sai ya zama sarkin Afirka. Aka yi dariya.

Sai baƙon nan ya miƙe ya zo. Da Turanci mai tsabta ya ce mu baƙinsa ne, mu zo mu zauna a teburinsa. Duckett ya sosa ƙeya ya yi tunani, ya ce to, in mu direbansa ne da mai aikinsa babu laifi, amma baƙon ya faɗa wa mutane haka su ji. Baƙon ya dubi Cleo, na ga kunya a idonsa, kamar yana roƙo a karɓa a wuce wurin.

Cleo ya ce, "Na gode, Yallaɓai. Ni ba direbanka ba ne. Miyar da ke kan abincinka ni na haɗa ta jiya."

Ya ninke takardarsa ya mayar, ya kama hannuna muka fita. A gida na ɗumama wake da burodin masara muka ci.

Washegari ya tafi aiki kamar kullum, ya tarar da wani a bakin murhunsa. Duckett ya ce ba don ransa ya so ba, amma ba zai iya riƙe mai tayar da fitina ba. Masu gidajen abincin hanyar duk sun san juna, babu wanda ya ɗauke shi. Wata uku yana zaune, sannan ya sami aiki a wurin yanka kaji, tsayuwar awa goma cikin ruwan sanyi da ƙafar nan tasa.

Ya rubuta wa Shugaban Ƙasa wasiƙa, shafi huɗu, sau uku yana sake kwafewa don kada a ga kuskure. Amsa ta zo bayan sati bakwai, layi biyar da aka buga da keken rubutu, wani mataimaki ya sa hannu. An gode masa da nuna kishin ƙasa, an ce gwamnati tana ci gaba da ƙoƙari don ganin baƙinmu na ƙasashen waje sun sami kyakkyawar tarba. Ya karanta, ya sake karantawa, ya ce mini wataƙila ba su fahimci rubutunsa ba. Ya sake aika wata. Ita ba a amsa ba.

Daga nan ya daina sauraron labarai. In an fara jawabi a rediyo sai ya tashi ya fita baranda. Ko a gida ya daina taɓa tukunya, mutumin da a da ba ya bari in sa gishiri sai ya ɗanɗana. Fasto ya zo ya ce masa matasa suna ta zaman dirshan a gidajen abinci, dokar hana wariyar launin fata tana nan tafe, ya yi haƙuri. Cleo ya ce Allah ya sa, ya ci gaba da kallon hanya.

A farkon 1963 ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana tara ya yi a sashen baƙaƙe na asibitin gunduma, a ginin ƙasa kusa da ɗakin wanki, ya cika. Dokar ta zo daga baya, na ji ana ta murna a coci.

Ranar jana'iza Mista Duckett ya zo, ya tsaya a waje da hularsa a hannu har aka tashi. Ya matso ya ce mini ya yi baƙin ciki, Cleo mutumin kirki ne in ban da abin da ya shiga kansa. Sannan ya ce masu ciniki har yanzu suna ƙorafi wainar ƙaguwa ta canza, ko Cleo ya bar yadda yake haɗa ta a rubuce?

Na ce masa bai bari ba. Ya ce kash, ya sa hularsa ya nufi motarsa, ni kuma na bi mutane zuwa maƙabarta.